Kaskon gawayi, wutar tsakar gida ko rufaffen murhun ƙarfe: wanne ya dace da ɗarin Sakkwato?

Assalamu alaikum. Malam, ka ce ka ga irin murhun ƙarfen nan mai ƙofar gilashi da bututun hayaƙi da ake ɗumama gidaje da shi a ƙasashen Turai, har kana tunanin sa mai walda ya ƙera maka irinsa kafin hunturu ya kankama, kuma kana son sanin ko ya fi kaskon gawayi da wutar itacen da muka saba jin ɗumi da su, ta fuskar tattalin itace da ta illa ga muhalli. A wajen ƙona itace da kyau ya fi su nesa ba kusa ba. Sai dai ko ya dace da gidanka a Sakkwato wata magana ce dabam, domin an ƙera shi ne don wani irin sanyi da ba namu ba.

Abin da ake aunawa idan ana maganar ingancin murhu shi ne yawan zafin da ya tsaya ya amfani mutum daga cikin duk zafin da ke cikin itacen. Wutar da ake hurawa a tsakar gida ko a ƙofar zaure ita ce ta baya a wannan ma'auni, domin iskar da ta yi zafi sama take yi nan take, kuma abin da mai jin ɗumi yake samu bai wuce hucin da ke dukan fuskarsa da tafin hannunsa ba, bayansa kuwa yana cikin ɗari. Ko a Turai, buɗaɗɗen wurin wuta da ake ginawa a jikin bangon falo yakan bar kashi 10 zuwa 20 cikin 100 ne kawai na zafin a cikin ɗaki, sauran ya bi bututu ya fice, har ma yana janye iskar ɗakin da ta riga ta ɗumama ya tafi da ita. Rufaffen murhu na zamani kuwa yakan riƙe kashi 70 zuwa 80. Wato idan aka ƙona kilo 10 na busasshen itace, na farkon zai ba ka amfanin kilo 1 ko 2, na biyun ya ba ka na kilo 7 ko 8.

Dalilin wannan tazara yana cikin yadda itace yake ci. Hayaƙin da muke gani yana tashi makamashi ne da bai ƙone ba, wato iskoki da ɗigon kwalta da zafi ya fitar daga jikin itacen, waɗanda ba sa kamawa sosai sai zafi ya kai wajen digiri 600 kuma sun haɗu da isasshiyar iska. A buɗaɗɗiyar wuta iska mai sanyi tana shigowa ta ko'ina ta sanyaya su kafin su kama. Rufaffen murhu yana da tubalin da ke riƙe zafi a cikinsa, da farantin ƙarfe a sama da ke tsare hayaƙin ya ɗan jinkirta, da ƙananan ramukan da ke shigo da iska mai zafi ta saman harshen wutar, ta yadda hayaƙin kansa zai sake ƙonewa. Daga nan ne ƙarin zafin yake fitowa, kuma shi ne dalilin raguwar hayaƙin. Wannan yana da muhimmanci ga shirinka, domin akwatin ƙarfe kawai da aka yi wa ƙofa da bututu, ba tare da waɗannan abubuwa ba, ba zai kai ko kusa da kashi 70 ba, ko da a ido ya yi kama da na cikin hoton.

Kaskon gawayi kuma lissafinsa yana da yaudara. Tun da ba shi da bututu, kusan duk zafinsa a ɗaki yake tsayawa, don haka mai kallon ma'aunin zafi kaɗai zai ce ya fi kowanne. Amma duk abin da garwashin yake fitarwa shi ma a ɗakin yake tsayawa, kuma a cikinsa akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye balle mutum ya farga. Tana manne wa jini fiye da iskar oksijin sau 200 da ɗoriya, saboda haka kaɗan daga cikinta ya isa ya hana jiki samun iskar da yake buƙata. Akwai wata fahimta da ta yaɗu a gidajenmu cewa idan aka bar gawayi a waje har ya ruru ya yi ja, hayaƙinsa ya ƙare, to babu laifi a shigar da shi ɗaki a rufe ƙofa. Wannan kuskure ne mai kisa, domin jan garwashi yana ci gaba da fitar da wannan iska har ya mutu, kuma yana ƙara fitar da ita yayin da iskar ɗakin take raguwa. Alamunta su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, sannan barci mai nauyi, kuma da yake lokacin mura ne, sau da yawa murar ake ɗora wa laifi. Idan mutane biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai a tare, kasko ya kamata a fara zargi, a fitar da su sarari, a kai su asibiti. Jarirai da masu juna biyu da tsofaffi, waɗanda galibi dominsu ake shigar da kaskon, su ne kuma suka fi saurin jikkata.

Ta fuskar daji ma gawayi ba shi da sauƙin da ake zato. Gaskiya ne kilo ɗaya na gawayi yana ɗauke da zafin da ya kusa ninka na kilo ɗaya na busasshen itace, amma a irin yadda ake toya shi a ƙasar nan, a tara gungume a rufe da ƙasa, ana buƙatar kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a samu kilo ɗaya. Fiye da rabin zafin bishiyar ya riga ya tashi a hayaƙi tun a daji kafin buhun ya hau mota. Ga shi kuma masu toyi ba sa neman sabara ko geza, manyan itatuwa masu tauri irin su ƙirya da marke suke sarewa, waɗanda suke ɗaukar shekaru masu yawa kafin su girma. Mai jin ɗumi da kasko ba ya ganin hayaƙi a ɗakinsa, amma an riga an yi hayaƙin a madadinsa a wani wuri.

Masu sayar da murhun itace a Turai sukan kafa hujja da cewa itace ba ya ƙara ɗumamar yanayi, saboda iskar kabon dayoksaid da yake fitarwa ita ce bishiyar ta zuƙa lokacin tana raye, wata bishiyar kuma za ta sake zuƙe ta. Hujjar tana da sharaɗi, wato sai an samu wata bishiyar ta maye gurbin wadda aka sare, kuma ko a can masana suna jayayya a kan tsawon shekarun da biyan wannan bashi yake ɗauka. A nan, inda ruwan shekara yake tsakanin milimita 600 zuwa 700 cikin 'yan watanni, ga dabbobi suna cinye tsiro kafin ya yi ƙarfi, sharaɗin ba ya cika da kansa. Jihar Sakkwato tana cikin jihohi 11 na Najeriya da ke bakin kwararowar hamada, waɗanda shirin kafa ganuwar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 ya shafa, kuma duk wanda ya bi hanyar Illela ko Gada ya ga yadda filin ya buɗe. Inda ake sassabe reshen dogon yaro a bar gindin ya sake tohowa, hujjar tana iya tsayawa. Inda ake tumɓuke bishiya gaba ɗaya ba ta tsayawa, kowane irin murhu aka zuba itacen a ciki. Abin da rufaffen murhu yake yi kawai shi ne rage yawan da ake sarewa.

Hayaƙin ma bututu ba ya kashe shi, fitar da shi yake yi daga ɗakinka zuwa unguwa. Wannan babban ci gaba ne ga iyalinka, idan aka tuna cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutane miliyan 3.2 ne suka mutu a 2020 sanadiyyar gurɓatacciyar iskar cikin gida, fiye da 237,000 daga cikinsu yara 'yan ƙasa da shekara 5. Amma ƙasashen da suka fi mu amfani da waɗannan murahu sun gano cewa ko na zamanin yana fitar da ƙananan ɓurɓushin da ke shiga can cikin huhu fiye da gas sau da yawa. Shi ya sa Amurka ta taƙaita sababbin murahu a kan giram 2 zuwa 2.5 na ɓurɓushi a sa'a daga 2020, Tarayyar Turai kuma ta fara aiki da nata sharuɗɗan a farkon 2022. A Ingila ƙona itace a gidaje yana cikin manyan hanyoyin da wannan ɓurɓushi yake shiga iska. Mu kuma a lokacin hunturu iskarmu ta riga ta cika da ƙura, sannan da asuba iska mai sanyi tana kwanciya ƙasa ta danne hayaƙi a tsakanin gidaje, ya yi ta yawo a daidai hancin mutane.

Akwai abu ɗaya da ya shafi duka ukun, wato bushewar itace. Ɗanyen itace kusan rabinsa ruwa ne, kuma wuta sai ta ƙafar da ruwan kafin ta ba da ɗumi, don haka zafinsa kusan rabin na busasshe ne, hayaƙinsa kuma ninki. Ingila ta hana sayar da jiƙaƙƙen itace a ƙananan ma'auni tun 2021, ta ce damshinsa kada ya wuce kashi 20 cikin 100. A wannan fage mun fi su sa'a, domin iskar rani tana busar da faskararren itace da sauri, muddin an faskara shi an jera shi inda iska take ratsawa.

Inda lissafin ya juya shi ne tsawon sanyin. Bature yana hura murhunsa wata biyar ko shida, dare da rana, a wurin da ruwa yake daskarewa, saboda haka rarar itacen da yake samu tana biyan kuɗin murhun. Ɗarin Sakkwato mai tsanani na Disamba da Janairu ne, na dare da asuba, lokacin da ma'auni yake sauka wajen digiri 15 ko ƙasa da haka kaɗan, da rana kuwa ya koma 30 ko fiye. Sauran watanni murhun zai zauna ya cinye kusurwar ɗaki, ramin da aka huda a kwano yana jiran damina ya yi yoyo. Ga ɗakin kwanan iyali guda, sayensa kamar sayen raƙumi ne don kai mudun gero niƙa. Yawancin sanyin da muke ji ma daga gini yake, domin ɗakin bulo mai rufin kwano ba silin yana zubar da zafin rana da zarar magariba ta yi, alhali soron ƙasa mai kaurin bango yana riƙe shi ya yi ta saki har dare ya raba. Sa silin, da toshe ƙasan ƙofa da gefen taga, da labule mai kauri, da ɗaga shimfiɗa daga kan siminti, da bargo, suna magance mafi yawan matsalar ba tare da an ƙona ko tsinke ba.

Saboda haka a ganina, idan manufarka rage cin itace ce da kare lafiyar iyali, kuɗin ya fi amfani a madafa. Murhun duwatsu uku yana kai kashi 10 zuwa 15 ne kawai na zafinsa ga tukunya, kuma shi ana hura shi kullum, shekara ta zagayo, uwargida da goyonta suna tsaye a kansa. Ingantaccen murhun girki yana rage itacen sosai, kuma ba sai an je nesa ba, domin Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta daɗe tana aiki a kan irin waɗannan murahu. Kasko kuwa a bar shi a zaure ko a rumfa inda iska take wucewa, a ji ɗumi a lokacin hira, a kashe shi kafin a kwanta.

Inda nake ganin rufaffen murhu zai biya kuɗinsa shi ne babban ɗakin da mutane da yawa suke kwana ko zama, kamar makarantar allo, inda ake hura wuta kowane dare ko da murhu ko babu. Idan irin wannan wuri kake nufi, ka sa mai waldan ya yi amfani da ƙarfe mai kauri, ya guji gangar da aka zuba mai ko magani a ciki, ya kuma guji bututu mai rufin farin sinadarin hana tsatsa a kusa da wuta, domin yana fitar da tururi mai cutarwa idan ya yi zafi sosai. A jera tubalin gasasshiyar ƙasa a ciki, a sa farantin da ke tare hayaƙi a sama, ƙofar ta rufu ruf, a bar mata ramin iska da ake iya ragewa da ƙarawa. Bututun ya miƙe ya zarce ƙololuwar rufi, kuma inda ya ratsa silin ko ya kusanci azara a bar tazara a kewaye shi da abin da ba ya cin wuta, domin hunturu lokacin gobara ne. A yi masa shinge saboda yara, a bar wata kafa da iska za ta riƙa shigowa ɗakin, kada a jefa leda ko roba ko katako mai fenti a ciki, sannan a kakkaɓe kunkunniyar da ke taruwa a cikin bututun kafin kowane hunturu, domin idan ta yi kauri ita kanta tana kamawa da wuta.