Agogon Juyin Inji: Mai Allura Ko Na OBD2?

Masu mota suna yawan tambaya: cikin agogunan juyin inji masu araha, wanne ya fi faɗin gaskiya?

Mai allura daga wayar kwayil yake ɗaukar bugun wuta. A bayansa akwai maɓallin silinda 4, 6 ko 8, kuma nan ake yawan kuskure. In inji mai silinda 6 ne aka bar maɓallin a 4, juyi 800 a minti zai nuna 1,200. Sako-sakon wayar bodi, wato wadda ake ɗaurawa a ƙarfen jikin mota, kuwa rawa yake sa allura. Motar da kowane filogi ke da kwayil nasa, sau da yawa sai an ƙara adafta.

Na OBD2 sokawa kawai ake yi a ramin OBD2, wato soket ɗin binciken kwamfutar mota da ke ƙarƙashin sitiyari, ba yankan waya, ba saiti, don lissafin kwamfutar motar yake karantowa. Aibinsa ɗan jinkiri ne in an taka totur da sauri. Da shi ma ake gwada mai allura, a silo da kuma a juyi 3,000.

Tsohuwar mota mai kafireta, irin Peugeot 504, mai allura ne nata. Wadda aka sayar a Amurka daga 1996 zuwa yau tana da ramin OBD2, na sokawa ya fi mata sauƙi.