Sharhi kan manhajar W3C mai duba kod ɗin shafi: tana kama kuskure, amma ba ta kama komai

Na gwada validator.w3.org, manhajar W3C (ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo), a kan shafukan intanet na makarantu da shaguna da ake haɗawa nan Kaduna, kuma ina ganin duk mai wannan sana'a ya kamata ya saba da ita. Kyauta ce, ba rajista. Ko ka liƙa adireshin shafin, ko ka ɗora fayil ɗin HTML (kod ɗin da ake rubuta shafi da shi), ko ka zuba kod ɗin kai tsaye. Nan take za ta jero kurakuran, kowanne da lambar layinsa.

Ka fara gyara na sama, ka sake dubawa. Div guda (alamar kod mai raba shafi sashe-sashe) da aka manta ba a rufe ba kan jawo kurakurai da yawa a ƙasansa, da ka rufe shi sai su ɓace.

Inda ta fi amfani ga masu lalurar gani shi ne hoto marar alt (rubutun da ke bayyana hoton) da kuma id (sunan shaida da ake ba abu a kod) da aka maimaita. Na biyun ya fi ɓarna a fom. Idan akwatin suna da na lambar waya duk id ɗinsu ɗaya, label, wato rubutun da ke faɗin abin da za a cika, zai manne wa na farkon ne kawai, sai mai sauraro da TalkBack (manhajar Android mai karanta allo da murya) ya iso akwati na biyu bai san me ake so ya rubuta ba. Takan kuma yi gargaɗi idan babu lang, alamar harshen shafi; shafin Hausa a sa masa lang="ha". UTF-8 kuwa, tsarin adana haruffa, dole ne, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ na iya rikiɗewa su zama shirme.

Rauninta a fili yake. Ka rubuta alt="hoto1" za ta wuce da shi lafiya lau, alhali bai gaya wa makaho komai ba. Ba ruwanta da launi: rubutu ruwan toka a kan fari ba zai dame ta ba, ga shi ƙa'idar WCAG, mai sauƙaƙa shafuka ga masu lalura, na neman bambancin haske na 4.5:1 tsakanin rubutu da bayansa ga rubutu na yau da kullum. Shi ma WCAG 2.2 na 2023 ya cire sharaɗin tsaftar kod, wato 4.1.1, don burauzoji na yanzu suna gyara da yawa da kansu.

Saboda haka bayan ta wanke shafin, a bi shi da WAVE, wata manhajar duba shafi, don launi da jerin kanun rubutu, sannan a ajiye linzamin kwamfuta a zagaya shafin da maɓallin Tab kaɗai, a kunna NVDA, mai karanta allo a Windows, a saurari yadda yake karanta fom ɗin.