Kafin ka aika a sayo maka faifan tsohon fim: DVD, Blu-ray ko 4K?

Wani maƙwabcina a Nima, malamin makaranta mai son tsofaffin finafinai kamar ni, ya shigo wurina bayan sallar isha'i da kwalaye uku a hannu, ransa a ɓace. Ɗan yayarsa da ke Bronx ne ya aiko masa da su ta hannun wata hajiya da ta zo gida biki. Faifan Blu-ray ne na asali, a hannunsa ma aka ɓare ledarsu. Ya saka na farko a na'ura, allo ya yi baƙi, sai rubutu ya fito cewa faifan ba na wannan shiyyar ba ne. Na biyu haka, na uku haka. Ya ce, "Malam, duba min don Allah, ko jabu aka sayar wa yaron nan?" Na juya bayan kwalin, na nuna masa wani ɗan tambari mai kusurwa shida da harafin A a cikinsa. Faifan lafiyarsa ƙalau. Na'urarsa ce ta Ingila, faifan kuma na Amurka.

Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni da wane faifai zai fara, nakan ce ya dakata tukuna, mu fara maganar na'ura. Ita ce za ta yanke maka ƙasar da za ka riƙa sayen faifai daga gare ta har shekaru masu zuwa.

Kamfanonin fim sun sa wa faifai makulli. A tsarin DVD an raba kasuwar duniya shiyya shida: Amurka da Kanada su ne ta 1, Turai da Japan da Gabas ta Tsakiya da Afirka ta Kudu ta 2, mu kuma a Ghana muna cikin ta 5 tare da mafi yawan Afirka da Indiya da Rasha. Wannan bai cika damun mu ba, domin ƙananan na'urorin DVD 'yan China da suka cika shagunan Accra yawancinsu duk abin da ka ba su karɓa suke yi. Blu-ray ne mai taurin kai. Shiyyarsa uku ce, A da B da C, makullinsa kuma galibi ba ya buɗuwa da danna 'yan lambobi a rimot kamar yadda ake yi wa wasu na'urorin DVD, sai an taɓa cikin injin. Amurka da Japan suna A. Indiya da China da Rasha suna C. Afirka kuwa tana B, gida ɗaya da Turai. A nan muka yi sa'a, kuma a kan wannan sa'ar ya kamata mai saye a Accra ya ɗora lissafinsa.

Ga kuma wuta. Lantarkinmu 230 ne, filoginmu mai ƙafa uku irin na Ingila, don haka na'urar da ta fito daga Landan jonawa kawai za ka yi. Ta Amurka an gina ta a kan 120. Wasu suna ɗaukar duka biyun, amma sai ka karanta ɗan rubutun da ke bayanta: in ka ga 100–240V, babu damuwa, in 120V kaɗai ka gani, ba ta shiga soket ɗinka sai da taransifoma mai rage wuta, in ba haka ba ƙauri za ka ji. Har ila yau na'urorin Amurka da yawa ba sa karanta DVD na tsarin PAL, wanda shi ne na Turai kuma shi ne namu, alhali na Ingila suna karanta PAL da NTSC, wato tsarin Amurka, duka.

Saboda haka zaɓina na farko, ga mai matsakaicin hali, shi ne na'urar Blu-ray 'yar gwanjo daga Ingila, Sony ko Panasonic. Ana samun su wurin masu sauke kayan gwanjo daga Tema, a Lapaz da wajajen Circle. Kada ka je hannu rabbana. Ka tafi da faifai uku naka: Blu-ray ɗaya na shiyyar B, DVD ɗaya na asali, da wani tsohon da ya ɗan karce. Ka sa a jona maka a gabanka, ka saurari ƙarar tiren idan yana fita da shiga, ka tsallaka zuwa tsakiyar fim da kusan ƙarshensa, domin idon na'ura da ya gaji yakan karanta farkon faifai lafiya sai ya yi nisa ya fara sarƙewa. Sannan ka tsaya kai da fata a kan rimot ɗinta na asali. Mai shago zai ce maka, "Maigida, ai akwai rimot mai yi wa kowace na'ura aiki." Akwai, amma sau da yawa ba shi da maɓallin sauya rubutun fassara ko harshen sauti, kuma fim ɗin Japan ko na Italiya ba ya kalluwa in babu wannan maɓallin.

Na biyu ita ce na'urar da aka riga aka buɗe wa makulli, mai cin A da B da C. Ta fi tsada, a waje ake sayo ta, kuma taɓa cikinta da aka yi yakan soke garantin kamfani. Wanda danginsa suke Amurka, kamar maƙwabcina, ita ce maganinsa, kuma ita ya sa aka kawo masa daga baya. Na uku, in akwai PlayStation a gidan, ka riga ka mallaki na'ura ba ka sani ba: PS3 da PS4 suna karanta DVD da Blu-ray, PS5 mai ramin faifai da Xbox Series X suna karanta har 4K. Sai dai su ma suna da makullin shiyya a kan finafinai, gwargwadon ƙasar da aka sayar da su, PS4 kuma tana buƙatar a haɗa ta da intanet sau ɗaya kafin ta fara kunna fim. Abin lura shi ne masu ƙera waɗannan na'urori suna raguwa. Oppo ta daina a 2018, Samsung a 2019, LG a 2024. In ka samu mai kyau, ka riƙe ta da daraja, ka sa mata abin kare wuta irin wanda ake sa wa firij, domin ba ɗauke wutar ce ke kashe kaya ba, dawowarta da ƙarfi ne.

To, sai faifan kansa. Mu da muka taso da VCD mun san fim ɗaya a faifai biyu, da fuskokin da ke farfashewa in mutum ya motsa da sauri. DVD, da ya fito a Japan a 1996, ya fi shi nesa ba kusa ba: yana ɗaukar gigabait 4.7, mai hawa biyu 8.5, hotonsa layi 576 a tsarin PAL, 480 a NTSC. Blu-ray ya zo a 2006 da gigabait 25 ko 50 da layi 1080. Na 4K ya zo a 2016 da layi 2160, kuma shi ba a sa masa makullin shiyya.

Wannan rashin makullin yana jan hankali, amma ni dai ba na ba mai farawa shawarar 4K. Faifan ya fi tsada, na'urarsa ta fi tsada, kuma alfanunsa ba ya fitowa sai a babban allo mai haske sosai. A ɗakunanmu na gidan haya, inda talabijin inci 32 ko 43 ne, da wuya idonka ya raba shi da Blu-ray. Talabijin masu araha da aka rubuta wa 4K a kwali ma sukan nuna irin wannan faifan da duhu, saboda ba su da ƙarfin hasken da aka tsara shi dominsa. Kuma in kwalin 4K ya zo da Blu-ray a ciki, kamar yadda aka saba, shi wannan na biyun yana iya zuwa da makullinsa, alhali sau da yawa a kansa ake zuba hirarraki da sauran ƙarin bayani.

Tsallen da ido ke gani da gaske shi ne daga DVD zuwa Blu-ray, musamman a fim mara launi. Mutane suna zaton tunda fim tsoho ne, baƙi da fari, kowane faifai ya wadatar. Ba haka ba ne. Fim ɗin da aka ɗauka a kan zaren milimita 35 yana ɗauke da bayani fiye da abin da DVD zai iya nunawa. Na taɓa jera kwafi biyu na fim guda ina gwadawa. A DVD, wani dattijo yana zaune a ɗaki mai duhu, bayansa baƙi ƙirin kawai. A Blu-ray sai ga taga a bayan nasa, ga labule yana motsi, ga wata mata tsaye a bakin ƙofa tana saurare. Shekaru ina kallon wannan wurin ban san tana nan ba, kuma tsayuwarta ta sauya ma'anar maganar da dattijon ke yi. Akwai wani abu kuma: ana ɗaukar fim hoto 24 a daƙiƙa, DVD na PAL kuwa 25 yake gudu, don haka fim mai minti 100 yakan koma 96, muryoyi su ɗan ƙara siranta. Blu-ray ya kawar da wannan a mafi yawan finafinai.

Amma sunan tsari kaɗai ba ya ba da tabbaci. Abin da ya fi muhimmanci shi ne wa ya fitar da faifan, kuma daga wane kwafi ya ɗauko. Criterion ta Amurka, wadda ta fara tun 1984, ita ce ta fi suna, kuma ta cancanta, sai dai faifan Blu-ray ɗinta na Amurka a kulle suke a shiyyar A. Tun 2016 tana fitar da wasu a Ingila a shiyyar B, amma ba duka ba. A Ingila akwai BFI, da Eureka mai jerin Masters of Cinema, da Arrow, da Second Run wadda ta fi karkata ga finafinan gabashin Turai. Sau da yawa fim ɗaya yana fita a ɓangarorin biyu. La Noire de… na Usman Sembene, na 1966, BFI ta fitar da shi a 2015, Criterion a 2017. Ga mai na'urar Ingila babu wani dogon tunani. A bayan kwali ka nemi inda aka ce an sabunta fim ɗin daga asalin zarensa, da shekarar da aka yi aikin. Ka kuma duba harshen rubutun fassara da idonka, musamman faifan Faransa: finafinan Afirka ta Yamma da yawa a can ake samun su, amma wasu babu Turanci ko kaɗan a cikinsu.

Duk da abin da na faɗa, kada ka raina DVD, domin abin da ya fi kusa da mu galibi a kansa kaɗai yake. Jaguar na Jean Rouch, wanda aka ɗauka a tsakiyar shekarun 1950 aka kammala a 1967, labarin samari uku ne da suka taso daga Nijar zuwa Gwalkwas, wato Ghana ta yau, neman arziki, har kasuwar Kumasi da Accra. Hanyar da kakannin da yawa daga cikinmu 'yan zango suka biyo ke nan. Icarus Films ta fitar da shi a DVD a 2017 cikin kwali mai finafinan Rouch takwas. Ranar da na kunna wa wani kawuna, bai bar ni na wuce wurin kasuwa ba sai da muka maimaita shi sau uku, yana nuna irin rigunan da ya ga mahaifinsa da su. Aikin ceto finafinan nahiyar nan yana tafiya, tunda a 2017 gidauniyar Martin Scorsese ta haɗa hannu da UNESCO da ƙungiyar masu shirya fim ta Afirka, FEPACI, don sabunta finafinai 50, amma kafin fim ya fito daga ɗakin gyara ya iso faifai akan ɗauki lokaci. In ka ga DVD na asali na fim ɗin Afirka da kake nema, ka saya, kada ka jira.

Jabu kuwa ba shi da wuyar ganewa. Juya faifan: na kamfani cikinsa azurfa ne ko ruwan zinariya, wanda aka ƙona a kwamfuta yakan yi shuɗi-shuɗi mai ja. A zoben tsakiya na faifan asali akwai ƙananan lambobi da aka buga tun daga masana'anta. Masu fim ashirin a faifai ɗaya kuwa, lissafi ma ya isa: wurin da aka yi domin fim guda ne aka raba wa ashirin. Banda haƙƙin masu aikin da aka ci, irin wannan faifan ba ya jure zafi, bayan 'yan shekaru sai ka saka ya ƙi tashi.

Na gwanjo na asali ba shi da laifi, kuma nan ne sauƙin yake. Blu-ray yana da rufi mai tauri da ke hana shi saurin karcewa, don haka na hannu ma yakan zo sumul. DVD ne za ka ɗaga a haske ka duba. Karcen da ya tashi daga tsakiya zuwa baki yawanci na'ura tana haye shi. Wanda ya bi zagayen faifan shi ne mai tsayar da fim. Shi ya sa in za ka goge, daga rami zuwa gefe ake goga, da ƙyalle mai laushi.

Wajen kawowa, wanda zai zo gida ya saka maka biyu ko uku a jakarsa ya fi sauƙi a kan aikowa ta gidan waya, inda kuɗin aike da na kwastan za su iya kamo kuɗin faifan. Ka tura wa mai sayowar hoton bayan kwalin da kake so, ba sunan fim kaɗai ba, domin fim ɗaya yana iya samun bugu biyar.

In sun iso, Accra gari ne na gumi da iskar teku. A watannin Mayu da Yuni takardar cikin kwali takan jiƙe ta manne, har fumfuna ta kama ta, da hunturu kuma ƙura ce ke shiga idon na'ura. Nawa a tsaye nake jera su kamar littattafai, a kabad mai ƙofa, nesa da bangon da ke tsotsar ruwa da kuma taga. 'Yan ƙunshin nan masu shanye danshi da ke zuwa a kwalin sabon takalmi, ina tara su in watsa a kowane hawa, in sauya su bayan damina. Na'urar kuma mayafi ne da ita, ba na yaye shi sai zan yi kallo.