Sharhi: MCP Inspector da buhunan yuriya na shagon Kawu

Kawuna yana sayar da taki, iri da maganin feshi a kasuwar Sabon Gari, ni kuma ina rubuta manhaja a wani ɗan ɗaki a Samaru. Da damina ta kawo jiki, waya ta hana shi sakat, sai na haɗa masa ɗan aike na ƙirƙirarriyar basira da zai riƙa amsa saƙonnin masu saye. Kayan aiki uku na ba shi: na duba farashi, na duba abin da ya rage a sito, da na duba bashi.

A kan MCP na gina su, wato tsarin da kamfanin Anthropic ya fitar a watan Nuwamba na 2024 don haɗa irin waɗannan 'yan aike da rumbunan bayanai. A wannan tsari kowane kayan aiki yana da suna, da bayani cikin kalmomi, da jerin guraben da ake cikewa a tsarin JSON, wato wani salon jera bayanai da kwamfuta ke ganewa. Ɗan aiken ba ya leƙa abin da ke ƙarƙashi. Abin da ka rubuta masa, da shi zai zaɓi wanda zai ɗauka. Ni kuwa saboda gaggawa, a kan na sito cewa kawai na yi: "Yana duba kaya." A kan na farashi: "Yana duba kayan sayarwa."

Ranar wata Laraba wani manomi daga Giwa ya turo: "Yuriya nawa ne?" Ɗan aike ya ɗauki na sito, ya ga buhu 18, ya amsa: "18 ne." To, a bakin 'yan kasuwa sha takwas ai dubu goma sha takwas ke nan. Kafin la'asar sai ga bawan Allah da a-kori-kura a ƙofar shago, buhu goma yake so a wannan garaɓasa. Kawu ya kira ni: "Kai ɗan nan, injin naka so yake ya karya ni?" Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Kawu, laifina ne."

Daren nan na buɗe MCP Inspector, wato manhajar gwada kayan aikin da aka gina a kan MCP. Kyauta ne, sai dai kana buƙatar Node.js, manhajar da yake tafiya a kanta, a kwamfutarka. Da umarni ɗaya yake tashi, ya buɗe shafi a burauza, ya jera maka kayan aikinka da bayanansu, ka cike gurabe ka danna, ka ga ainihin abin da ke dawowa. A nan na ga abin kunya: na sito "18" kawai yake mayarwa, ba buhu, ba mudu, ba naira. Kuma da na ga bayanan nan biyu a jere, ni da na rubuta su ma sai da na tsaya tunanin wanne ne wanne. Wannan madubin shi ne babban amfaninsa a wurina.

Amma a sani, ba ya ba da maki. Aikinsa ya nuna maka kayan yana aiki. Ba zai ce maka bayaninka ya yi duhu ba. Don haka na kwafi bayanan a takarda na miƙa wa yaron shagon Kawu, wanda bai san komai game da manhaja ba, na karanto masa tambayoyin da mutane suka turo, na ce ya nuna wanda zai ɗauka. Duk inda ya sosa ƙeya, na san nan ne gyara.

Jagorar da Anthropic ya rubuta wa masu gina manhaja ta ba da shawarar jimla uku ko huɗu aƙalla ga kowane bayani: me yake yi, yaushe za a ɗauke shi, yaushe za a bar shi, me kowane gurbi ke nufi. Na sito yanzu yana cewa: yana faɗin adadin buhu ko kwalba da suka rage; ba ya faɗin kuɗi; a ɗauke shi idan an ce "akwai?" ko "nawa ya rage?", idan "nawa ne?" aka ce, a koma ga na farashi. Da Turanci na rubuta, amma tambayoyin na bar su da Hausarsu yadda manoma ke turo su, domin wannan "nawa" ɗin ita ta haɗa mu da mai a-kori-kura. Amsar ma na gyara ta, yanzu "buhu 18" take fitowa.

Na bashi kuwa ban samu na gwada sosai ba. Cikin littafin Kawu akwai mutum uku masu suna iri ɗaya, duk alhazai, sai na sa gurbin ya nemi lambar shafi maimakon suna. Da na yi wa Kawu bayani ya ce in cire na bashin gaba ɗaya, maganar bashi shi da mai ita ne a kan benci, ba ta waya ba. Na cire.