Gargaɗi kan masu damfarar da ke jiran wanda kwamfutarsa ta ƙi saituwa

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfutar gida yana ƙoƙarin girka sabuwar babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da kwamfutar gaba ɗaya irin su Windows, ko sabunta wadda ke kai, ya san irin gajiyar da ke kama mutum idan aiki ya cije a tsakiya. Wani lokaci lissafin sabuntawa yakan tsaya cak ya ƙi gaba ya ƙi baya, wani lokaci a gama girkawa lafiya sai a tarar babu sauti, ko intanet ya ƙi kamawa, ko firinta ta yi kamar ba ta taɓa sanin kwamfutar ba. Abin da kowa ke yi a irin wannan hali shi ne ya kwafi lambar kuskuren ko sunan na'urar ya rubuta a shafin bincike, kuma a bakin wannan ƙofar ce wasu 'yan damfara suka kafa tarkonsu. Ba su ne suka jawo matsalar ba, matsalar gaskiya ce, su dai sun gane cewa mutumin da ya shafe awa uku yana fama ba ya tsayawa bincikar wanda ya miƙo masa hannu.

Kwanakin baya wannan abu ya faɗa wa kawuna, mutum mai hankali da natsuwa, wanda ke ajiye wasiƙunsa da lissafinsa a wata kwamfutar tebur da ya daɗe da ita. An sake girka masa babbar manhajar, komai ya tafi daidai sai firinta, wadda ta ƙi buga ko da layi ɗaya. Ya rubuta sunan firintar da lambarta a shafin bincike, ya danna sakamakon da ya fara fitowa, bai lura da ƙaramin rubutun da ke nuna cewa talla ce aka biya kuɗi aka ɗora a sama ba. Shafin da ya buɗe yana ɗauke da tambari da launi irin na kamfanin da ya ƙera firintar, ya nemi ya rubuta lambar na'urarsa, sannan ya nuna masa wani layi yana cika a hankali kamar ana sauke direba, wato ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da na'ura irin firinta. Da layin ya kusa kaiwa ƙarshe sai ya koma ja, aka rubuta cewa girkawar ta gaza saboda matsala mai haɗari, aka kuma ba shi lambar waya. Daga baya na gwada shafin da kaina, na rubuta lambar firintar da babu ita a duniya, layin ya cika ya koma ja a daidai wurin da ya yi wa kawu.

Mutumin da ya ɗauki wayar mai ladabi ne da haƙuri, bai tsawata ba, bai kuma yi maganar kuɗi ba a farko. Ya sa kawu ya sauke wata manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa, ya karanto masa lambobin da suka fito, nan take kibiyar linzami ta fara yawo a allo ba tare da kawu ya taɓa komai ba. An yi kusan minti arba'in ana buɗe masa tagogi masu jajayen alamomi ana cewa masu kutse sun riga sun shiga. Allah ya sa da aka zo kan cewa ya buɗe shafin bankinsa domin a duba ko an taɓa kuɗinsa, zuciyarsa ta ƙi amincewa, ya kira ni da ɗaya wayar ya ce, “Ɗana, wai mai gyaran firinta ne ke so in shiga asusuna, haka ake yi?” Na ce, “Kawu, kada ka danna komai, ka zare wayar intanet daga bayan kwamfutar yanzu, ka kashe wayar da kake magana da shi.” Firintar kuwa, direbanta kawai take buƙata, kuma yana nan kyauta a shafin kamfanin na ainihi.

Ya kamata a san abubuwan da 'yan damfarar suke nunawa, domin duk ƙarfin damfarar yana cikin jahiltar su. Na farko shi ne Event Viewer, wani kundi da Windows ke rubuta duk abin da ya faru a cikinsa. Kwamfutar da aka fito da ita daga kwali jiya ma, idan aka buɗe wannan kundi, za a ga jerin gargaɗi masu ruwan ɗorawa da kurakurai masu ja, mafi yawansu ƙananan abubuwa ne da manhajar ta riga ta warware da kanta, amma ɗan damfara zai ƙirga su ya ce kowane ɗaya cuta ce. Na biyu shi ne umarnin netstat, wanda ke jera hanyoyin da kwamfuta ke magana da intanet a wannan lokaci. Sai a nuna wa mutum adireshin waje a ce ga ɓarayi nan, alhali a cikin jerin har da manhajar da shi ɗan damfarar ya shigo ta cikinta. Akwai kuma umarnin assoc, wanda a kusa da ƙarshen abin da yake fitarwa akwai wata doguwar lamba da ta fara da 888DCA60. Mai kiran zai karanto ta daga bakinsa ya ce lambar lasisin kwamfutarka ce, hujjar cewa daga kamfani yake, bayan kuwa lambar iri ɗaya ce a kwamfutocin Windows gaba ɗaya, tana da alaƙa ne kawai da yadda ake dunƙule fayil. Haka nan sukan buɗe jerin ayyukan bayan fage su nuna waɗanda ke tsaye su ce an kashe su, alhali yawancinsu an tsara su ne su tashi sai an buƙace su.

Manhajojin sarrafa kwamfuta daga nesa, irin su TeamViewer da AnyDesk da Quick Assist da ke zuwa tare da Windows, kayan aiki ne na halal da masu gyara na gaskiya ke amfani da su kullum, shi ya sa manhajar tsaro ba ta hana su. Laifin yana wajen wanda aka miƙa wa lambar shiga. Da zarar ya shiga, yana ganin abin da kake gani, yana iya kwafe fayiloli, yana iya saita manhajar yadda zai dawo da dare ba tare da neman izini ba, wasu manhajojin ma suna ba shi damar baƙanta allonka yayin da yake aikinsa.

Kuɗin kuma ta hanyoyi biyu suke karɓa. Ko dai su sayar maka da kwangilar kariya ta shekara ɗaya ko ta har abada wadda babu komai a cikinta, ko kuma su dawo bayan watanni su ce kamfanin zai mayar maka da kuɗinka. A wannan karo na biyu ne ɓarnar ta fi yawa, domin za su sa ka buɗe shafin banki, su canza lambobin da burauza ke nunawa a allonka kawai, ka ga kamar sun turo maka ninkin abin da ya kamata bisa kuskure, sannan mutumin ya shiga roƙo cewa za a kore shi daga aiki idan ba ka mayar da rarar ba. Ko sisi bai shigo ba, da za ka sabunta shafin da lambobin sun koma yadda suke. Duk wanda ya nemi a biya shi da katin kyauta (katin sayayya da aka riga aka zuba wa kuɗi) ko da kuɗin intanet irin Bitcoin ya riga ya bayyana kansa, domin ya zaɓi hanyar da ba a iya juyo da kuɗi ne.

Tun daga 2024 wani salo ya yaɗu wanda ba ya buƙatar waya ko kaɗan, masana tsaro suna kiransa ClickFix. Shafi zai nuna maka cewa akwai matsala a burauza ko a sabuntawa, ko ya ce ka tabbatar kai mutum ne, sannan ya ba ka matakai uku masu sauƙi: danna maɓallin Windows tare da R, danna Ctrl tare da V, danna Enter. Abin da ba ka sani ba shi ne shafin ya riga ya ɗora wani umarni a ma'ajiyar kwafi, kai kuma da hannunka ka liƙa shi ka aiwatar, ya sauko da manhajar da ke kwashe kalmomin sirrin da burauza ta ajiye. A ganina wannan ya fi na waya haɗari ga masu ɗan sani, domin ya yi kama da yadda ake gyara na gaskiya. Masu amfani da sauran manyan manhajoji irin su Linux da macOS ma ba su tsira ba: sun saba kwafo layi daga intanet su liƙa a Terminal, tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, kuma layin da ya fara da curl ya ƙare da sudo bash yana nufin ka sauko da rubutun da ba ka karanta ba ka ba shi cikakken iko a kan kwamfutarka. Akwai manhajoji na gaskiya da ake girkawa ta haka, amma daga shafin masu manhajar ake ɗauko layin, ba daga bakin wanda ba a sani ba.

Sai batun fayilolin girkawa na jabu, wanda ya ƙara zafi tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11, wadda ta fito a 2021, tana neman TPM 2.0 (wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfuta) da ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 4 da wurin ajiya na gigabait 64 aƙalla, kuma kwamfutoci da yawa masu lafiya suna samun saƙon cewa ba su cancanta ba. Wannan ya buɗe kasuwa ga shafukan da ke tallar Windows da aka “gyara” ko aka “rage wa nauyi”, da ƙananan manhajojin da ke alkawarin kunna lasisi kyauta. Da yawansu sharaɗinsu na farko shi ne ka kashe manhajar tsaro kafin ka buɗe fayil ɗin, wato ka kori mai gadi da kanka. Idan cutar ta zo a cikin babbar manhajar tun daga tushe, babu manhajar tsaron da za ka ɗora daga baya ka amince da hukuncinta, ka ga garin neman gira an rasa ido. Abin takaicin shi ne a kwamfutoci da dama TPM ɗin yana nan, a kashe yake kawai a cikin saitin BIOS, wato saitin tushe da ake shiga kafin Windows ta tashi, inda Intel ke kiransa PTT, AMD kuma fTPM, kunna shi ba ya ɗaukar minti biyar.

Haka yawancin matsalolin girkawa suke, dalilansu ba su da ban tsoro. Lambar 0x80070070 tana nufin wurin ajiya ya cika, 0x80070005 kuma tana nufin an hana izinin taɓa wani fayil. Na'urar da ta ƙi aiki bayan girkawa takan bayyana da alamar ruwan ɗorawa a Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin kwamfutar, maganinta direba ne daga Windows Update ko daga shafin kamfanin da ya ƙera ta, wanda ya kamata ka rubuta adireshinsa da hannunka maimakon bin talla. Idan sabuntawa ce ta rikita komai, Windows tana ba da kwana 10 a koma tsohuwar siga. Microsoft ta sha faɗa cewa saƙonnin kuskurenta ba sa ɗauke da lambar waya, kuma ba ta kiran mutum ba tare da ya nema ba domin ta gyara masa kwamfuta. Saboda haka shuɗin allo ko jan allo mai ƙara da lambar kira galibi shafin intanet ne kawai da ya cika fuskar kwamfutar. A danna Ctrl da Shift da Esc a tare, a rufe burauzar daga tagar Task Manager da za ta buɗe, idan an sake buɗe ta kuma ta tambaya ko a dawo da shafukan baya, a ƙi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a fara girkawa a kwafe muhimman fayiloli zuwa wani faifai na daban, a shirya filashin girkawa daga shafin Microsoft ko na masu rarraba Linux ɗin da ake so, a kuma sauke direban intanet a ajiye a gefe, domin rashinsa ne ke tilasta wa mutum bincike cikin gaggawa a ƙaramin allon waya, inda talla da sakamako na gaskiya ke da wuyar bambancewa. Masu rarraba Linux irin su Ubuntu suna wallafa lambar tantancewa ta SHA256 tare da fayil ɗinsu, kwatanta ta da wadda ka sauke yana tabbatar maka ba a taɓa shi a hanya ba.

Wanda ya riga ya ba wani damar shiga, abin da muka yi wa kawu shi zai yi. Mun bar kwamfutar babu intanet, muka canza kalmomin sirri daga wata na'ura dabam, muka fara da na imel saboda ta cikinsa ake sake saita sauran, muka kunna tantancewa mai mataki biyu, wadda ke neman ƙarin tabbaci bayan kalmar sirri, muka sanar da banki ta lambar da ke bayan katinsa. Bayan haka muka kwashe takardunsa da hotunansa kawai, ba mu ɗauki ko manhaja ɗaya ba, muka goge faifan muka sake girkawa daga farko, domin cire manhajar sarrafa nesa ba ta tabbatar da cewa ba a bar wani abu a baya ba. Bayan mako biyu aka sake kiransa daga wata lamba, wata murya dabam ta ce su masu bin diddigin 'yan damfara ne, za su taimaka masa idan ya bari su duba kwamfutar. Kawu ya kashe wayar ya toshe lambar.