Yini ɗaya a tsibirin Skye: motar haya ko motar kamfanin yawon buɗe ido?

Ƙanena, ka tambaye ni wace mota ta fi dacewa da zuwa Skye, tsibirin da ke arewa maso yammacin Sukotland a Birtaniya: ku yi hayar mota. Tsakanin bin motar kamfanin yawon buɗe ido daga birnin Inverness da haɗa kuɗi da abokanka ku ɗauki ƙaramar mota, na biyun ne zai ba ka abin da ka ce kana nema a Skye, wato ƙafarka ta taka dutse, ba ka tsaya leƙe ta taga ba.

Na taɓa sayen tikitin motar kamfani, kuma ba zan ƙara ba. Direban mutumin kirki ne, ya san tarihin yankin, ya tsaya mana a fadar Eilean Donan aka ɗauki hotuna. Amma daga Inverness zuwa Portree, babban garin tsibirin, tafiyar wajen awa 2 da rabi ce, ga kuma dawowa, sai yinin ya ƙare a kan kujera. A gindin dutsen Storr ɗan lokacin da aka ba mu bai isa hawa ba. Motar kamfani ta dace da dattijo, ko mai ƙananan yara, ko wanda ba ya tuƙi.

Da muka je da motar haya kuwa, a kusa da Portree muka kwana, muka fita bayan asuba muka kama hanyar A855 da ke zagaye yankin Trotternish a arewa. Muka tarar hazo ya lulluɓe Storr, ko inuwarsa ba a gani. Maimakon mu hau a makance, sai muka zarce Kilt Rock, inda ruwan Mealt ke zubowa daga saman gaɓa kai tsaye cikin teku, muka sha shayin da muka zo da shi a filas, muka juyo. Kafin mu iso iska ta yaye hazon. Wallahi ban taɓa ganin abokin tafiyata ya yi shiru irin na ranar ba, mutumin da ba ya rufe baki. Dutsen da suke kira Old Man of Storr na tsaye shi kaɗai kamar taɓarya, tsayinsa wajen mita 50, a bayansa ga katangar dutsen Storr mai tsayin mita 719, idan ka waiwaya kuma ga tsibirin Raasay da duwatsun babban yankin Sukotland. Wannan juyowar da muka yi ita ce abin da kuɗin hayar ya saya mana. Yanayin Skye na sauyawa sau da dama a yini guda, kuma motar kamfani ba ta jiran rana ta fito, agogo take bi.

Hawan Storr da saukowa bai kai kilomita 4 ba, amma gangare ne sosai, ka ware masa awa 2. Daga nan ku wuce ƙauyen Staffin ku hau zuwa duwatsun Quiraing, wanda ni a wurina ya fi Storr. Dukkansu zaftarewar ƙasa ce ta samar da su: dutse mai nauyi na aman wuta ya danne mai laushi da ke ƙarƙashinsa, gefen tudun ya riƙa zamewa zuwa teku. Na Quiraing har yanzu yana motsi, shi ya sa ake yawan gyara titin da ke ƙasansa wajen Flodigarry. Zagayen ya kusa kilomita 7, yana cin awa 3 ko fiye, turbar siririya ce a gefen gangare, akwai laka, akwai inda sai ka dafa da hannu. Idan hazo ya sauko kada ku bi ta saman gaɓa, ku koma ta inda kuka zo. Ku sauka ta Uig ku dawo Portree, yinin ya cika.

Kada kwaɗayi ya sa ku cusa tafkunan Fairy Pools ko hasumiyar Neist Point a rana ɗaya da waɗannan. A taswira tsibirin ƙarami ne, a kan titi kuwa yana da nisa. Duwatsun Cuillin kuma, inda Sgùrr Alasdair ya kai mita 992, ba na sabon shiga ba ne, sai da jagora.

Motar haya ma tana da nata wahalar, ba zan ɓoye maka ba. A hannun hagu ake tuƙi. Tituna da yawa, har da na hawa Quiraing, faɗin mota ɗaya ne, an yi musu 'yan wuraren kaucewa a gefe, kuma ba a ajiye mota a cikinsu. Tumaki na kwanciya a tsakiyar hanya abinsu. Mafi yawan motocin haya masu araha na giyar hannu ne, idan otomatik ka iya ka nema da wuri. Lasin ɗinka na gida yana aiki a Birtaniya na wata 12 daga zuwanka, amma kowane kamfani na da sharaɗinsa na shekaru, ka tambaya kafin ka biya. Gadar Skye da aka buɗe a 1995 kyauta ce tun 2004, sai dai wuraren ajiye mota a Storr da Quiraing na kuɗi ne, kuma da rani kafin hantsi sun cika. Ku sha mai a Broadford ko Portree.

Ga abin da ba ka tambaya ba, amma dole in faɗa. Masauki a Skye na wuyar samu da rani, kuma macuta sun san haka. Za ka ga an sa hoton kyakkyawan ɗaki a Facebook da farashi mai sauƙi, a ce ka tura kuɗin kamu ta banki yau-yau don wani na jira. Kada ka tura. Haka masu sayar da kujerar mota a WhatsApp ba tare da sunan kamfani ko rasit ba. Ka biya da kati a shafin da aka sani. Wajen karɓar mota kuma ka tambayi nawa za a riƙe a katinka, da nawa za ka biya daga aljihunka idan an goge ta ko da akwai inshora, sannan ka ɗauki bidiyonta ta ko'ina kafin ka tashe ta. Wata ƙujewar da ka tarar a jikinta, kai za a ɗora wa. Rigar ruwa ta araha da ake rubuta mata cewa ruwa ba ya ratsa ta, ka duba ko an liƙe ɗinkinta ta ciki. Idan ba a liƙe ba, ta nan ruwan zai same ka.

Batun sallah ma mota ta fi sauƙi, ka sa darduma a but ka tsaya inda ka ga dama. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 10 na dare, a Disamba kuwa kafin 4 na yamma, don haka in da hali ku je tsakanin Mayu da Satumba. Daga Yuni zuwa Agusta akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu cizo da ke fitowa idan iska ta kwanta, ku sayi maganin shafawa. Ka bar kambas a gida, ka sa takalmi mai tauri da ke riƙe idon sawu. Sabis na ɗaukewa a wurare, ka sauke taswirar a wayarka tun daga masauki, kuma idan wani ya ji rauni a kan dutse ka kira 999 ka nemi 'yan sanda, su za su haɗa ka da masu ceto.