Karburato na kwance da avansin zuƙa: wane alimaji ya cancanci kuɗinka?

Wanda ya cire karburaton asali daga tsohuwar motarsa ya ɗora na kwance, wato Weber DCOE biyu ko Dellorto DHLA, satin farko ba ya jin kira, saboda gurnanin injin kaɗai ya ishe shi. A sati na biyu ne mai sayar da esansi zai fara gaishe shi da suna. In ka ɗaga kafo, sau da yawa za ka tarar da ɗan tiyon da ke zuwa kapsul ɗin delko an toshe shi da kusa, ko an tsige shi gaba ɗaya. Bakanike zai ce maka, "Alhaji, ai wannan karburaton ba ya son tiyo." Da ɗan gaskiyarsa, amma ba a nan maganar ta ƙare ba.

Delko, mai raba wa silindoji wuta, yana gabatar da wutar ta hanya biyu, wato yana kunna ta kafin fistan ya kai ƙololuwa; wannan shi ne avansi, kuma da digiri ake auna shi. Akwai ƴan nauyi da sifirin a cikinsa, waɗanda gudun injin kawai suka sani, su ne ke kai avansi wajen digiri 30 zuwa 36 idan injin ya kai juyi 3,000 ko sama kaɗan. Sannan akwai kapsul, wannan ɗan gwangwanin da ke gefe, wanda ke jin nauyin da aka ɗora wa injin ta hanyar zuƙar iskar da tiyon nan ke kawo masa. Ka ɗauki hanyar Tasawa kana tafiya 90, ƙafarka da ƙyar ta taɓa totur: cakuɗar iska da man da ke shiga silinda kaɗan ce, kuma a hankali take ci, don haka tana son a kunna ta da wuri. Kapsul ne ke ƙara digiri 10 zuwa 15 a wannan lokaci, ya janye su da zarar ka taka. In babu shi, mai yana ƙarasa ƙonewa a makare, zafin da ya kamata ya tura fistan ya bi salansa. A Turai wannan asarar lita ce kawai. A Maraɗi cikin watan Afrilu, da rana ta haura digiri 40, maganar radiyato ce.

Matsalar karburato na kwance ita ce kowane maƙogwaronsa silinda ɗaya yake ciyarwa, silinda kuwa sau ɗaya take zuƙa a juyi biyu. Ka haɗa tiyo a wuri guda, abin da kapsul zai samu fizga ce da saki, fizga da saki. Haska fitilar saita wuta ka gani, alamar kan fuli sai rawa take. Ga shi kuma zuƙar ba ta da ƙarfi kamar ta karburaton asali, da ka ɗan buɗe totur ta zube. (Mai karburaton SU biyu, irin na MG da tsohuwar Volvo, ba da shi nake ba, nasa yana da bututun da ya haɗa ɓangarorin biyu da kan tiyonsa tun daga kamfani.)

Saboda haka kafin ka sayi komai, ka san za ka gyara zuƙar. Ana huda kowane bututu huɗu a bayan marfin totur, a sa kan tiyo, a matse kowanne da ƴar ƙofar da ba ta kai milimita 1 ba (tsohon jiglar karburato yana yin wannan aiki), a kawo tiyo huɗu masu tsawo ɗaya cikin ƙaramin gwangwani, daga nan a fitar da guda zuwa delko. Kada ka yarda a tsaga tiyon sarbon birki a ɗiba daga nan, komai sauƙin da aka nuna maka. Ka kuma sayi tiyo mai kauri. Siriri zafinmu yana tsage shi cikin bazara ɗaya, iska ta riƙa shiga ta ɓarauniyar hanya.

Bayan gyaran zuƙa, hanyoyin alimaji uku ne a gabanka. Hanya mafi araha ita ce ka bar delkonka na Ducellier, Paris-Rhône ko Bosch, ka cire filatin ka sa ɗan modul irin Pertronix Ignitor ko Lumenition. A nan ne mutane ke ruɗewa: modul filatin kawai ya maye, bai ƙara maka avansi ko digiri ɗaya ba. In delkon ba shi da kapsul, sai ka nemo mai shi, a ƴan kayan gyara na nan ko Kofar Ruwa a Kano. Wajen saye ka sa baki ka tsotsi kan kapsul ɗin, ka ga farantin ciki ya motsa, ka toshe da harshe ka ga ko zai riƙe. Wanda ya saki, fatarsa ta huje. Ka girgiza sandar tsakiya ma. In tana lilo, ajiye musu kayansu. Ignitor a injin silinda huɗu bobin mai om 3 yake so, kuma samfurin farko yana iya ƙonewa in ka bar makulli a kunne injin na kashe, abin da duk mai jiran wani a mota yana jin rediyo yake yi. Raunin wannan hanya shi ne kapsul na asali an yi shi ne don zuƙa mai ƙarfi, wataƙila ba zai buɗe duka ba. Amfaninta kuwa, in ta mutu a Gidan Rumji, filatin da kwandansa na cikin akwatin gaba, minti goma sha biyar ka tashi.

Hanya ta biyu ita ce sabon delko sukutum, irin 123ignition na ƙasar Holan. Babu nauyi babu sifirin a ciki. Samfurin TUNE+ yana da na'urar auna zuƙa, kuma da wayarka ta Bluetooth kake zana masa nawa zai ƙara a kowane gudu da kowace zuƙa. Ga mai karburato na kwance wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kana iya cewa ko zuƙa mai rauni ta kawo digirin da kake so, kana iya hana shi taɓa komai a ralanti. Ni a wurina ita ce hanyar da ta fi dacewa da matsalar. Sai dai da kuɗin Turai ake sayensa, kuma dole ka tabbatar akwai wanda ya shiga injinka kafin ka aika ko dala ɗaya. In ya samu matsala ba mai buɗe maka shi a garin nan, don haka tsohon delko ya zauna a but. Sannan ka ja kunnen yaran gareji: al'adar nan ta cire kan batir injin na tafiya wai ana gwada altanato, ita ce ajalin kayan elektronik.

Ta uku ta masu son wahala ce, kuma ina girmama su. A jefar da delko, a ɗaura faranti mai haƙora 36 da aka cire ɗaya a kan fuli, a haɗa modul EDIS na tsofaffin Ford da akwatin Megajolt mai tsara avansi. Abin sha'awarta shi ne kana iya rabuwa da zuƙa kwata-kwata, ka sa na'urar da ke karanta buɗewar totur a sandar karburato. Injin da aka sa wa kamshaf mai zafi, wanda zuƙarsa ba ta da kirki ko a ralanti, wannan ce maganinsa. In akwatin ya mutu ma, EDIS yana tsayawa a digiri 10 ya kai ka gida. Amma tana buƙatar gwanin injin sassaƙa ƙarfe da zai daidaita farantin, da kwamfuta, da haƙuri. Wanda motar ɗaurin aure da yawon Lahadi yake da ita, kuɗin goro ne zai tafi a banza.

Kowacce ka zaɓa, mai ne zai yanke hukunci. Yau ka sha na gidan mai daga matatar SORAZ ta Damagaram, gobe ka tsaya wurin ƴan ruwa-ruwa ka zuba na kwalba, ba lallai su jure avansi ɗaya ba. Ka fara da ƙarin digiri 8, ba 15 ba. Bari injin ya yi zafi sosai, ka fita hanyar Ɗan Isa da azahar, ka sa giyar ƙarshe a wajen 60, ka ɗan taka kaɗan-kaɗan kana kasa kunne. A wannan ɗan takawar ne ƙarar take fitowa, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, lokacin da nauyi ya ƙaru amma kapsul bai gama saki ba. Ka ji ta, rage digiri 2 ka sake gwadawa. In zuƙar kai tsaye ka ɗauka daga bututu, ralanti zai ɗaga da ka haɗa tiyo, sai ka sauke shi da sukurun karburato, ka sake daidaita karburato biyun da juna.

Ni da na tashi yin tawa, gwangwanin tara zuƙa na fara haɗawa, na rataya agogon auna zuƙa a gaban sitiyari na yi sati ina zuwa Tsibiri ina dawowa ina kallon allurar. Abin da ta nuna a tafiyar 80 zuwa 90 shi ya gaya mini kapsul na asali zai ishe ni, kuɗin 123 kuwa suka tafi wajen matatar iska mai kyau, tunda hunturu na tafe kuma bakunan Weber huɗu a buɗe suke.